Neman mai fili a Gusau: ta dillali, ta mai unguwa, ta ofis ko ta waya?

Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban wani kango a Gusau, ya duba gabas ya duba yamma ya ga wurin ya kwanta masa, ya san tambayar da ke biyo baya: na wane ne, kuma ta ina zan same shi? Kuɗi na nan, niyya ta yi, amma fili ba ya magana. Kafin ka gama tambayar mai shagon da ke kusa, mutum biyu sun matso, kowanne na rantsuwa cewa wuƙa da nama suna hannunsa. Nan mai sayen fili don juya kuɗinsa ke fara shiga ruɗu, domin samun wanda zai yi maka magana a kan fegi abu ne mai sauƙi. Mai wuyar shi ne isa ga mutumin da in ya ce "na sallama", maganar ta zauna har abada.

Garin kuwa ya cancanci a yi masa wannan wahala. Tun da aka cire Zamfara daga jihar Sakkwato a 1996 Gusau ta zama babban birni, ma'aikata suka taru. Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2013 ta ja gine-gine zuwa hanyar Zariya. Sannan ga abin da ba mu so, rashin tsaro ya kwaso iyalai daga ƙauyuka ya zuba su cikin gari, kowa na neman ɗakin haya ko ɗan wurin da zai kafa bulo. Inda ake noma gero a da, yau harsashin gini ne. Masu neman saye sun yi yawa, masu cewa su ne masu shi ma sun yi yawa.

Hanyoyin da mutanenmu ke bi su kai ga mai fili huɗu ne: dillali, mai unguwa da maƙwabta, ofishin filaye, sai waya da intanet. Na bi kowacce, kuma kowacce ta taɓa yi mini rana.

Ma'aunin da zan auna su da shi

Na farko kuɗi. Ina nufin duk abin da zai fita daga aljihunka kafin ka zauna da mai abu, har da wanda ba a faɗa maka ba, irin ƙarin da ake ɗorawa a kan farashi ba da saninka ba.

Na biyu sauri da sauƙi: kwana nawa, takalmi nawa.

Na uku ƙarko, kuma shi na fi ba nauyi. Cinikin fili ba a gane kyansa ranar da aka shafa fatiha. Sai bayan shekara biyar ko goma, ranar da ka sauke yashi, ko ranar da kai ma ka tashi sayarwa aka ce kawo takarda. Hanyar da ta kai ka ga mai shi, ta bar maka shaidar da za ta tsaya a gaban alƙali, ita ce mai ƙarko.

Na huɗu haɗari, na dukiya da na rai. A Zamfara ba a raba waɗannan biyun.

Akwai abu ɗaya na doka da sai an riƙe shi kafin a fahimci sauran. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta sa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana. A cikin birni gwamna ke ba da haƙƙin zama a kan fili, takardar da ake kira C of O ita ce shaidarsa, galibi na shekara 99. A karkara ƙaramar hukuma na iya ba da haƙƙin zama na gargajiya. Sashe na 22 na dokar ya ce mai riƙe da haƙƙin da gwamna ya bayar ba zai sayar ko ya jinginar ba sai da amincewar gwamna. Ke nan "mai fili" na iya zama mutum biyu daban: wanda unguwa ta sani, da wanda sunansa ke cikin fayil. Aikinka shi ne ka tabbatar su biyun mutum ɗaya ne, ko kuma akwai takardun da suka haɗa na farko da na biyu ba tare da giɓi ba.

Dillali

Kada a raina dillali. Shi ne ya san wanda ke shirin aurar da 'ya, wanda ya biya rabin kujerar Makka yana neman cikon, da wanda aka yi wa canjin wurin aiki yana son ya tattara ya tafi. Wannan labarin ba ya cikin kowane fayil. In kana son ka ga fili biyar tsakanin hantsi da azahar, daga Damba zuwa Gada Biyu, dillali ne kawai zai yi maka haka. Wajen sauri babu na biyunsa.

Kuɗinsa iri biyu ne. Akwai la'ada, wadda halal ce, kuma abin da aka saba ji shi ne kashi 5 cikin 100, wani lokaci daga kowane ɓangare, kuma ana iya daidaitawa. A ce fegi mai ƙafa hamsin da ɗari ya tsaya a naira miliyan 4, la'adarka dubu 200 ke nan. Wannan ba ta da matsala tunda a fili take. Sai kuma ƙarin da ake ɗorawa. Mai fili ya ce a sayar masa a kaza, dillalin farko ya ɗora nasa ya miƙa wa na biyu, na biyu ya ɗora ya miƙa wa wanda ya kawo ka. Kai kana ganin da mutum ɗaya kake magana, alhali baki uku ke jiran ci a cikin kuɗinka. Alamarsa ba ta ɓuya: duk lokacin da ka ce a haɗa ka da mai shi, sai a ce ya yi tafiya, ko ba ya son a san shi ne ke sayarwa, ko "ai ya wakilta ni gaba ɗaya".

Ina da ƙa'ida guda a nan da ba na sassautawa. Tun ranar farko nake ce wa dillali: "Malam, la'adarka tana nan ko da ni da mai shi muka ƙarasa magana mu biyu, ga shaidu. Amma ba na biyan ko sisi sai na zauna da shi." Dillalin kirki ba ya ƙin wannan, domin abin da yake tsoro shi ne a zagaye shi, kuma ka cire masa wannan tsoron. Wanda ya ƙi bayan ka yi masa wannan alƙawari, akwai lauje cikin naɗi. Kai ma in ya haɗa ku, kada ka koma ta bayan gida ka hana shi haƙƙinsa. Garin ƙarami ne, gobe ba wanda zai nuna maka ko turken akuya.

Ƙarkon cinikin da aka yi ta dillali kaɗai ba shi da yawa. Shi burinsa a yi ciniki yau. Ba shi zai tsaya a kotu bayan shekara bakwai ba.

Mai unguwa, liman da maƙwabta

A nan zan daɗe, domin ita ce hanyar da ta fi ceto na, kuma ita aka fi yin kuskure wajen binta.

Wata shekara na ga wani kango mai ɗaki uku da ba a rufa ba, a wata unguwa da ke bayan gari. Wanda ya nuna mini ya ce mai shi na gaggawa, akwai wani Alhaji da zai zo da kuɗi gobe, in ina so in ajiye kafin alƙalami. Na ajiye. Har ya haɗa ni da wani saurayi mai natsuwa wanda ya nuna mini takardar saye mai sunan mahaifinsa. Da la'asar na tsaya salla a masallacin layin. Bayan an sallame na gaida wani dattijo da ke jan carbi a jikin bango, na ce, "Baba, don Allah kangon can na kusa da rijiya fa?" Ya dube ni ya ɗan yi shiru, sannan ya ce, "Ɗana, wanga kango na marayu na. Ubansu ya rasu bara waccan, ba a raba gado ba. Uwassu na nan cikin gida na biyu, tafi ka tambaye ta." Saurayin ɗan mamacin ne da gaske, takardar ma ta gaske ce. Amma yana da ƙanne, har da waɗanda ba su balaga ba, kuma mahaifiyarsu ba ta san ana cinikin ba. Sai da na yi watanni ina sintiri kafin kuɗina su dawo, su ma a gutsure.

Abin da wannan dattijo ya faɗa mini a numfashi ɗaya, babu ofishin da zai faɗa mini shi, domin mutuwa ba ta zuwa ta rubuta kanta a fayil. Unguwa ce ta san wanda ya fara share wurin, wanda ya saya a hannunsa, ko an taɓa rigimar iyaka, ko ruwa na kwanciya a wurin cikin watan Agusta, ko an taɓa cewa waƙafi ne na makaranta.

Kuɗinta kaɗan ne: goro na gaisuwa, da abin da aka saba ba mai unguwa in ya zo shaidar ciniki. Abin da take ci shi ne lokaci da mutunci. Dole ka je da ƙafarka, wataƙila sau uku.

Yadda za ka je ɗin shi ne magana. A garin da aka sha wuyar masu kai wa 'yan bindiga labari, baƙon da ya tsaya yana tambayar wane ne mai gidan nan, ina yake kwana, a ba shi lambarsa, ya jawo wa kansa zargi, kuma mutane na da gaskiya in suka rufe baki. Saboda haka kada ka fara da yara ko masu zaman bakin titi. Fara da mai unguwa, kuma ka je da wanda ya san ka ya san shi. Ka faɗi sunanka, unguwarku, sana'arka. "Ranka ya daɗe, na ga wani fegi a ƙasarka ya ba ni sha'awa. Ban zo neman lambar kowa ba. Ga tawa, in mai shi na da ra'ayi a ba shi, in ba ya da shi Allah ya sa haka ya fi alheri." Barin lambarka maimakon karɓar ta wani yana buɗe ƙofofi da yawa. Mai fili ya samu damar bincikenka kafin ya kira, kuma in ya kira, ya kira da kwanciyar hankali.

Iyakar wannan hanya ita ce sa hannun mai unguwa, ko na hakimi, ko ma na uban ƙasa, shaida ce cewa an yi ciniki a gabansu. Shaida mai nauyi ce, alƙali na saurarenta, amma ba ta zama takardar gwamnati ba. In fegin ya faɗa cikin wurin da gwamnati ta riga ta zana don hanya, makaranta ko layin wuta, hatimin unguwa ba zai hana katafila ba. Haka filin da ke jikin layin dogon da ya ratsa Gusau zuwa Ƙauran Namoda, akwai tazarar da ta hukumar jiragen ƙasa ce ko da an shekara ba a ji kukan jirgi ba. Sannan mai unguwa ɗan Adam ne. Wani lokaci yana da kaso a cinikin, ko mai sayarwa surukinsa ne. Shi ya sa ba na tsayawa a bakinsa kaɗai. Nakan ji ta bakin liman, in ji ta maƙwabcin dama da na hagu, kowanne shi kaɗai.

Tunda maganar gado ta shigo, bari in ƙarasa ta, don yawancin tsofaffin gidajen Sabon Gari da Tudun Wada da za ka ji ana son sayarwa na magada ne. A gidan gado babu "mai shi" guda ɗaya sai an raba. Babban wa ba ya sayar da kason ƙannensa don kawai shi ne babba. Matan cikinsu, da matan mamacin, sai an ji amincewarsu daga bakinsu. Kason maraya ba a taɓa shi sai don maslaharsa, ta hannun mai kula da dukiyarsa, kuma abin da ya fi kwanciyar rai shi ne alƙali ya san da maganar. In kuwa ka ce bari ka sayi kason mutum ɗaya kafin a raba, ka sani a mazhabar Malikiyya da kotunanmu ke bi akwai shuf'a: sauran masu tarayya a gidan na da haƙƙin su mayar maka da abin da ka biya su karɓe kason. Don haka a gidan gado, ƙofar shiga ita ce takardar rabon gado daga kotun shari'a, ko zaman da duk magada suka halarta suka sa hannu.

Ofishin filaye da lauya

A Zamfara hukumar ZAGIS ce ke riƙe da bayanan filaye na zamani. Mutane da yawa na zaton za su shiga su ce "fegin da ke bayan gidan man fetur kaza na wane ne" a ba su suna da adireshi. Ba haka abin yake tafiya ba. Bincike na buƙatar abin kamawa: lambar fuloti da ta shimfiɗar awon, ko lambar fayil, ko lambar takardar mallaka. In ba ka da ko ɗaya, sai ka ɗauki safiyo ya ɗauko ma'aunin wurin a ɗora a kan taswira. Saboda haka ofis ya fi amfani wajen tabbatar da mai fili fiye da nemo shi.

Abin da bincike zai nuna maka yana da tsada in ka rasa shi: sunan wanda aka ba filin, girmansa na gaskiya, abin da aka ware shi dominsa, na zama ne ko na kasuwanci, ko an jinginar da shi a banki, ko an soke rabon, ko akwai bashin kuɗin ƙasa. Gidan da ke jingine a banki yana nan da fentinsa da mutanensa, maƙwabta ba su san komai ba. Fayil kaɗai ya sani.

Rauninsa shi ne sunan da ke ciki sau da yawa tsoho ne. An ba wani ma'aikaci fili tun zamanin tsohuwar jihar Sakkwato, ya sayar, wanda ya saya ya sayar, an yi hannu huɗu duk a kan takardar hannu, ba wanda ya je ya sauya suna. In ka tarar da haka, ka nemi mai sayarwa ya jero maka takardun tun daga na farko har zuwa kansa. Inda aka samu giɓi, nan rigima ke kwana. In kuma sunan kamfani ne a fayil, lauya zai duba a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC ya ga su wane ne daraktoci, don kada manaja ko ɗan mai kamfani ya sayar maka da abin da ba shi da ikon sayarwa.

Kuɗinta sananne ne: kuɗin bincike, na safiyo, na lauya, daga baya kuma na neman amincewar gwamna da rajista. Ka biya ta hanyar da hukuma ta tsara, ka karɓi rasit. Takan ɗauki kwanaki ko makonni, kuma tana son haƙuri. Amma wajen ƙarko ita ce gaba, nesa ba kusa ba. Sai dai fegin awon igiya, wanda mai gona ya yanka da kansa ya sayar, galibi ba shi da fayil ko kaɗan. A nan abin da ofis zai iya gaya maka shi ne ko wurin ya shiga cikin wani tsarin gwamnati. Wannan amsar ma ta isa a biya mata kuɗi, domin in gwamnati ta karɓi ƙasa don amfanin jama'a, diyyar da doka ta tanada ta fi karkata ga abin da aka gina ko aka shuka a kai, ba farashin da ka saya a kasuwa ba.

Waya da intanet

Lambar da aka rubuta da gawayi a jikin katanga, tallan Facebook, hotunan da ke yawo a WhatsApp. Kyauta ne kusan, kuma kana kwance a ɗaki. Amfaninsu na gaske shi ne sanin yadda farashi ke tafiya a unguwanni, da kuma isa ga mai filin da ke zaune a Kaduna, Abuja ko Legas. Amma mafi yawan lambobin na dillalai ne, wasu kuma na 'yan damfara. Ba banza ba masu gidaje ke rubuta "wannan gida ba na sayarwa ba ne" a bangonsu. Hoton takarda a waya ba shaida ba ne, kowa na iya ɗaukar hoton takardar wani.

In ta nan ka samo mutum, ka nemi ganin asalin takarda ido da ido, ka gwada sunan da ke kanta da na katin ɗan ƙasa, kuma in an zo biya, asusun banki ya kasance mai wannan sunan dai. In wakili ne, ya kawo takardar wakilci, kuma a kira mai shi ta bidiyo a gaban shaidun da suka san fuskarsa. Haɗuwar farko a yi ta cikin gari da rana, a ofishin lauya ko ƙofar gidan mai unguwa. Kada muryar da ba ka sani ba ta ja ka bayan gari ganin fili kai kaɗai, kuma kada ka ɗauki tsabar kuɗi. Ka kuma san gidan mutum ko na danginsa. Waɗanda suka ga yadda aka katse layukan waya a jihar nan a watan Satumba na 2021 sun san lamba kaɗai ba adireshi ba ce.

A taƙaice cikin jadawali

| Hanya | Kuɗi | Sauri | Ƙarko | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|
| Dillali | La'ada, da yiwuwar ƙari a ɓoye | Mafi sauri | Kaɗan in shi kaɗai ne | A hana ka ganin mai shi |
| Mai unguwa da maƙwabta | Goro da kuɗin shaida | Matsakaici, sai an taka | Mai kyau wajen tarihi da gado | Ba ya ganin tsarin gwamnati ko jinginar banki |
| Ofis da lauya | Bincike, safiyo, lauya, rajista | Mafi jinkiri | Mafi ƙarfi | Tsohon suna, ko babu fayil |
| Waya da intanet | Kusan kyauta | Nan take | Babu, sai an haɗa da wata | Damfara da tarko |

In ka isa gabansa

Mutumin da bai sa filinsa a kasuwa ba, ba a yi masa sallama da farashi. A wurinmu sayar da gida ko gona na ɗauke da ɗan nauyi, wani na ganin kamar tallan talaucinsa ne. Ka gaisa sosai, ka faɗi wanda ya turo ka, sannan ka ce, "Alhaji, na ga wurinka na wajen kaza. In wata rana ka yi niyyar rabuwa da shi, ina so a tuna da ni." In ya ce ba na sayarwa ba ne, ka yi godiya ka tashi. Sau da yawa irin wannan ne ke kiranka bayan wata shida, don ka bar masa mutuncinsa. In ya ce ka taya, ka taya da abin da ba zai zama zagi ba. "Albarka" ba kora ba ce, gayyata ce ka ƙara.

Ka tambaye shi kai tsaye ko akwai wanda ya riga ka magana. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana mutum ya yi ciniki a kan cinikin ɗan'uwansa, kuma ko ta fuskar kasuwa, filin da aka karɓi kafin alƙalamin mutum biyu a kansa rigima ce ka saya. In an daidaita, a rubuta, a kafa shaidu kamar yadda aya ta 282 ta Suratul Baƙara ta yi umarni, a zagaya iyakoki huɗu da maƙwabta a tsaye, a kafa duwatsun siminti a ranar.

Akwai kuma wanda za ka tarar yana sayarwa don an kama ɗansa ana neman fansa, ko don ya baro ƙauyensu ba shiri. Wannan yana faruwa a nan, kowa ya sani. Saye a hannunsa na iya zama taimako in ka biya abin da wurin ya kai. In ka matse shi don ka ga wuyansa a hannunka, ka sayi abin da shi da 'ya'yansa ba za su daina kallonsa a matsayin nasu ba.

Wace hanya ga wane

In fulotin awon gwamnati kake nema, mai takarda, a GRA ko wata sabuwar shimfiɗa, don ka ajiye ya yi daraja ko ka kai banki wata rana, bari dillali ya nemo maka, amma ofis ne zai yanke hukunci. Kada kuɗi su motsa sai sakamakon bincike ya fito.

In jarinka kaɗan ne, fegin awon igiya kake so a gefen gari don ka yi ɗakunan haya, mai unguwa da maƙwabta su ne hanyarka ta farko. Ka nemi mai gonar asali in yana raye, ka sa safiyo ya duba ko wurin bai hau tsarin gwamnati ba, ka je ka gan shi da damina, sannan ka fara neman takardarka da wuri, ka kuma kewaye ko da bulo jeri uku ne.

In tsohon gida ne a cikin gari da kake son rushewa ka yi shaguna, ka ɗauka na gado ne har sai an nuna maka akasin haka. Liman da mai unguwa za su lissafa maka magada, kotu ta ba ka takarda. Ka kuma tambayi 'yan hayan da ke ciki wa suke biya, da kuma zuwa yaushe suka biya.

In kana zaune a wata jiha kana son saye a gida, waya za ta fara maka, amma ka raba aikin gida biyu: ɗan'uwa amintacce ya taka unguwa, lauyan da kai ka ɗauka, ba wanda mai sayarwa ya kawo ba, ya shiga ofis. Kada mutum ɗaya ya riƙe maka duka biyun.

In kuwa gona ce a wajen gari, ta hanyar Magami ko Ɗansadau, tambayar farko ita ce ko ana iya zuwa a noma ta a dawo lafiya. Ka ji wannan daga bakin manoman da ke maƙwabtaka da ita da hakimin yankin kafin ka nemi mai ita, sannan ka duba takardar ƙaramar hukuma, ka kuma tambaya ko gonar na hannun wani a matsayin aro ko jingina, da ko burtali ya ratsa ta.